Fayil Mai Suna Yaya

Litinin, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Kawu Ado ya kawo jakar Yaya Almustapha. Wani mai jaki ne ya tsince ta a gefen hanyar Wagini, ya gane ta saboda sunan shagon da ke jikinta, ya kai Batsari. Babur ɗin ba a gan shi ba. Kyamara babu, waya babu. Akwai caja, da kwalbar turare, da rigar ruwa a naɗe, sai SSD ɗinsa, ɗan ma'ajin hotunansa, a aljihun ciki inda yake ɓoye shi kullum.

Kawu ya ajiye jakar a gaban Inna ya ce, "Yaya Saude, ga abin da aka samu." Inna ta dubi jakar, ta dubi bango, ta ce a ba Ado ruwa, ya sha hanya. Iyakar abin da ta ce ke nan. Tun ranar Juma'a da aka ɗauko ta daga Karare aka kawo ta gidana nan Safana, ba ta tambayi kowa labarinsa ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, tun muna yara "wancan" ne, da ya kama sana'a ya koma "mai hoto". Ana yaye shi aka kai shi gidan Kaka, can ya tashi cikin su Kawu. Na san al'ada ce, na san kowace uwa haka take yi, amma wallahi yau ji na yi kamar in kama kafaɗunta in girgiza.

Sabis babu, tun farkon wata aka rufe layuka. Ko da akwai mai son ya kira mu, ta ina?

SSD ɗin ɗan mitsitsi ne, baƙi, bai kai kwalin ashana kauri ba. A ciki yake tara duk aikinsa, biki, suna, walimar sauka, duk abin da ya ɗauka daga Batsari har ƙauyuka. Ya sha yi mani alfahari da saurinsa. Amma watan jiya ya ce ya fara yi mashi gardama, zai sayi wani bayan kaka. Na jona shi a laftof ɗin makarantarmu. Ya buɗe. Alhamdu lillahi, ya buɗe.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Na zaɓi komai da komai na ce a kwafe cikin laftof, tunda cikinta wayam ne, ba komai sai sakamakon jarrabawar yara. Da farko kamar gaske. Megabait ɗari uku a daƙiƙa, koren layin nan yana ta gudu, ta rubuta saura minti arba'in. Na je na dama ma Inna koko. Ina dawowa na tarar da megabait biyu. Ta ce saura kwana huɗu. Can ta ce saura kwana tara. Can lambar ta faɗi ƙasa ta zauna a sifili, 'yar fitilar SSD ɗin tana ta ƙyaftawa ba ta yin komai. Sai batir ya mutu.

Maƙaryaciyar banza. Minti arba'in!

Laraba, 22 ga Satumba, bayan azahar

An hana masu cajin waya buɗe rumfuna, fetur ɗin janareta kuma sai wanda ya gani. Maigidana, Baban Ma'u, shi ke tafiya da laftof ɗin ofis da safe ya yi mani caji a solarsu, ya dawo da ita azahar. Awa biyu take ba ni in ta ga dama.

Yau ban kwafi komai ba, dubawa kawai na yi. Foldodi ne reras, kowace da sunan gari da na mai hidima. A can ƙasa, shi kaɗai, ba a cikin kowace folda ba, akwai fayil ɗin bidiyo guda, giga talatin da takwas. Sunansa "Yaya".

Haka yake kiran kansa in yana tsokanata. Yana kafe babur a ƙofar gida zai ɗaga murya, "Khairiyya, Yaya ya iso, a kawo ruwa mai sanyi!" Mutumin da ya ɗauki hoton rabin Batsari, shi ba ya yarda a ɗauke shi. Ka ɗaga waya ya sa tafin hannu. Hotonsa guda gare ni, fasfo na lokacin da ya gama sakandare, ya haɗe rai kamar an yi mashi sata. Na sha yi mashi ƙorafi, yakan ce, "Na ajiye maki, sai ranar da kika yi hankali." Ashe da gaske ya ajiye.

Na danna sau biyu don in kalla. Allon ya yi baƙi, laftof ta sandare, sai da na kashe ta da ƙarfi. Daga cikin SSD ɗin ba zai kallu ba. Dole sai an fito da shi.

Ina son Inna ta gan shi yana motsi, yana dariya. Ba ta taɓa yi mashi kallon tsaf ba a rayuwarta, in ya shigo ta ƙofa idonta na kan turmi. A allo dai ba mai cewa ta yi rashin kunya.

Alhamis, 23 ga Satumba, da yamma

Na canza kafa. Ramukan laftof ɗin uku ne, ɗaya cikinsa shuɗi, shi ne mai sauri, ni kuma duk kwanakin nan a baƙin nake sakawa. Na kashe antibairos, na rufe duk wani abu da ke buɗe, na zaɓi "Yaya" shi kaɗai. Ya ɗan taɓuka, ya kai kashi shida cikin ɗari, ya koma jan ciki. Da laftof ta ɗauke na sake kunna ta da ɗan cajin da ya rage, ban tarar da komai ba. In kwafin bai kai ƙarshe ba, goge wanda ta fara take yi. Kullum daga farko.

Juma'a, 24 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Samari sun hau dutse neman sabis ɗin wata jiha. Sun dawo ba labari.

Litinin, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Baban Ma'u ya ce in ba shi ya jona a ofis ya bar shi yini guda a kan wuta. Na ba shi, raina bai so ba. Ya ce ya kai kashi talatin da ɗaya. Talatin da ɗaya! Sai wani ya zo neman wurin cajin wayarsa ya ture teburin, igiyar ta motsa, komai ya tafi.

Na yi mashi faɗan da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Har da cewa da ɗan'uwansa ne da ya zauna ya tsare. Ya ɗauki buta ya fita. Ba laifinsa ba ne, na sani. Ban ba shi haƙuri ba tukuna, bakina ya yi nauyi.

Da na shiga ɗakin Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abin nan naku bai gama ba?"

Na ce, "Bai gama ba, Inna."

Ta ce, "To."

Karo na farko ke nan da ta tambayi wani abu da ya shafe shi.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan magariba

Na je Batsari na dawo. A-kori-kura muka shiga, ba mai magana a hanya, kowa bakinsa na motsi. Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, ya sunkuyar da kai, ba kowa a ciki.

Wurin Zainulabidin na je, mai gyaran waya da kwamfuta, abokin Yaya ne, shagonsu na jingine da juna. Shagon Yaya a kulle. Ban duba wajen ba sosai.

Mun gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi Ma'u, ya tambayi hanya. Bai tambayi ɗayan ba, ni ma ban ce ba. Da ya ga igiyar da nake amfani da ita ya ce, "Malama, ai wannan ta cajin waya ce. Tasa na nan, ranar da zai tafi ya manta ta a kan bencina." Ya jawo ta daga durowa, gajera, mai kauri. Ya daɗe riƙe da ita kafin ya miƙo mani.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Da sabuwar igiyar ya tashi da gudu, har na ce Allahu akbar, bai yi minti biyu ba ya sake zubewa. Zainul ya buɗe wata manhaja mai duba lafiyar diski. Ja ta nuna.

Ya ce, "Ƙwaƙwalwar ce ke mutuwa. Duk inda ya je karantawa sai ya yi ta maimaitawa kafin ya samu, shi ya sa kike ganin yana rarrafe. Ga shi ya cika maƙil. Taɓa ki ji." Na taɓa, zafi rau kamar murfin tukunya. Ya ce in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, in nema mashi wuri mai sanyi. Ya ce in ta tambaye ni ko a gyara shi, ko a yi fomatin, kar in kuskura in ce e. Ya sa mani wata manhajar kwafi wadda in ta tsaya take ci gaba daga inda ta tsaya.

Na ce, "Duka za su fito?"

Ya ce, "Malama, gaskiya ba na jin zai kai. Duk jonawar da kika yi kina rage mashi kwana ne. Ki zaɓi wanda ya fi maki, ki bar sauran ga Allah."

Na ce na riga na zaɓa.

Na fito zan tafi ya ce, "Ki ce ma Inna muna nan muna addu'a." Ya juya ya kama kwance wata waya da na tabbata ba abin da ya same ta.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Wuri mafi sanyi a gidan nan gindin randa ne. Na kai tabarma can, na ɗora laftof a kan kujera 'yar tsugunne, na naɗe SSD ɗin a leda don kar laima ta shige shi, na jingina shi da cikin randar. Rabin megabait a daƙiƙa, wani lokaci ɗaya. Bai faɗi sifili ba. Kashi bakwai, kuma da na kashe na kunna, bakwai ɗin na nan.

Na ba Baban Ma'u haƙuri. Ya ce, "Na me?"

Lahadi, 3 ga Oktoba, da hantsi

Ba caji, ofis a rufe. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina zaune gindin randa Inna ta fito da maficinta ta zauna. Ta ce, "Mi ya sa kika kawo shi nan?" Na ce zafi ne ba ya so, in ya ji zafi sai ya ƙi tafiya. Can ta ce, "Haka nan yake." Ban tambaye ta wa take nufi ba.

Ta matso ta fara yi mashi fifita. A hankali, yadda ake yi ma jariri mai zazzaɓi. Awa biyu cur ba ta sauke hannu ba sai dai ta canza. Ban sani ba ko fifitar ce, ko dai dacewa ce, amma yau ya fi kullum tafiya. Kashi goma sha tara.

Ba ta karatun boko, amma ta gane koren layin. Takan sa ɗan yatsa a ƙarshensa ta ce, "Sai ya kawo nan?" In ce sai ya kai nan.

Talata, 5 ga Oktoba, da yamma

Wata mata ta yi sallama, goye da jariri. Zuwaira sunanta, daga Wagini, yanzu suna zaune a wani kango bayan asibiti ita da surukarta. Ta ji an ce kayan mai hoto na hannuna. Yaya ne ya ɗauki bidiyon sunan yaron nan da ke bayanta, kuma ranar da ya kama hanyar Wagini, bidiyon zai kai masu ya tura a memori.

Ta ce, "Malama, uban yaron na ciki. Yana rabon goro, yana ta dariya. Ba mu da hotonsa ko guda, wayarsa ta tafi tare da shi. So nake in yaron nan ya girma in ce mashi ga babanka."

Na ga foldar tun ranar farko, na san inda take. Giga tara ce. Na ce mata abin ya lalace, a hankali yake fitowa, akwai wanda na fara, in ya gama nata ne na biye. Ta ce, "Allah ya saka, Allah ya bayyana naku." Ta yi ta godiya har ƙofa, ni kuwa kamar in nutse.

Da na dakatar da namu na yi nata, da kwana uku ya isa. Na sani. Na yi ta juya abin har aka kira magariba. Ban dakatar ba. Allah ya gani, ban iya ba.

Laraba, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Talatin da huɗu. Ya katse sau biyu, laftof ta yi ƙarar nan ta an cire abu alhali ba wanda ya taɓa. Inna ta ce ko a sake ruwan randar. An sake.

Alhamis, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Arba'in da ɗaya.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Kawu Ado ya zo da limamin Karare. Tun daga yadda suka yi sallama.

Wani da ya dawo daga daji ne ya faɗa. Ya ce da hannunsa ya

Asabar, 9 ga Oktoba, da yamma

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta sun kawo abinci. Ba a kawo shi ba, can aka yi komai.

Litinin, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau uku. Mata sun cika tsakar gida, har da waɗanda ban sani ba, 'yan Karare da ke warwatse a garin nan, kowace da nata rashin, ta zo yi mana namu. Zuwaira ma ta zo, ta zauna can baya, ba ta ɗaga maganar komai ba.

In aka ce ma Inna, "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Da godiya. Ku yi ma Ado, shi ya yi rashi, tare suka tashi." Idonta a bushe. Ta tambayi wata ya ƙafarta, ta tambayi wata ko sun samu sun yanke geronsu. Wata tsohuwa ta ce kai, Saude akwai kunya, akwai dauriya, irin matan da. Na tashi na shiga bayi na toshe bakina da zane. Ni ba ni da dauriyar, ban kuma son ta. Yayana ne. Shi ya kai ni makarantar kwana a bayan keke, shi ya rantse ma Baba cewa in aka cire ni daga boko shi ma ya bar gida. Wa zai sake tsayawa a ƙofar nan ya ce a kawo ruwa mai sanyi?

Da mutane suka watse na tarar da Inna a gindin randa ita kaɗai, mafici a cinyarta. Ta ce, "Kwana uku an bar abin nan."

Na ce, "Gobe, Inna."

Talata, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Da na jona bai fito ba. Na cire na mayar, na cire na mayar. A karo na huɗu ya fito, tare da tambayar nan, wai an ga matsala, a gyara? Saura kaɗan in danna e don gajiya. Na tuna maganar Zainul na rufe.

Baban Ma'u ya samo aron batirin mota da 'yar na'urar da ke juya wutarsa daga wurin wani direba, yanzu muna samun kusan yini. Zainul ya ce dama in laftof na kan wuta ta fi ba kafar ƙarfi. Hamsin da takwas.

Da can ina kwafa ne don Inna ta gan shi kafin ya dawo. Yanzu kuma ban san me zan rubuta ba.

Laraba, 13 ga Oktoba, da yamma

Ya tsaya a sittin da uku tun hantsi har la'asar. Sifili. Inna na fifita, ni ina kallon lamba. Na ce a raina in ka mutu a nan, wallahi sai na jefa ka rijiya. Sai ga kilobait goma, ashirin, ya wuce wurin.

Inna ta ce, "Ya tashi?" Na ce ya tashi. Ta ce, "Dama in ya yi fushi ba a matsa mashi."

Alhamis, 14 ga Oktoba, da yamma

Tamanin da biyar. Direban na son batirinsa gobe da la'asar.

Juma'a, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya kai. Layin ya taɓa inda Inna ke sa yatsa, akwatin ya ɓace da kansa, ba ko wata sanarwa. Giga talatin da takwas, ga shi zaune a cikin laftof. Direban na tsaye a zaure yana jira, aka kwance batir aka ba shi, cajin laftof kuma saura kashi huɗu. Ban buɗe ba. Ba zan fara nuna mata shi ya ɗauke a tsakiya ba.

Gaskiya kuma tsoro nake ji.

Litinin, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Laftof ta dawo da caji. Na ce alkawari kafin komai, na jona SSD don in fara na Zuwaira. Fitilar ba ta kama ba. Na canza kafa, na canza igiya, na mayar da tsohuwar ta caji, na hura ramin, na jingina shi da randa na jira. Sanyi ƙalau, ko ɗumi bai yi ba. Kamar ba a jona komai ba.

Na sa hijabi na je kangon da kaina, don ba aike ne wannan ba. Tana wanke ma yaron jiki a roba. Na faɗa mata. Na faɗa mata har da cewa da na yi nata a ranar da ta zo, da ya fito. Ta ci gaba da zuba mashi ruwa a baya. Ta ce, "Ba komai, Malama. Ko ni ce haka zan yi." Ta ce, "Naku ya fito?" Na ce ya fito. Ta ce, "To alhamdu lillahi, ko ɗaya ya tsira."

Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Bayan la'asar na kai laftof ɗakin Inna na sakaya ƙofa. Na ce, "Inna, ga shi." Ta gyara mayafi ta zauna ɗan nesa, a karkace, yadda take zama in ya shigo gaishe ta. Na danna.

Tsakar gidanmu ne na Karare, da sassafe. Inna ce ke daka, an ɗauko ta ta baya, ta tsakanin zana. Na ce yanzu zai juyo da kyamarar. Hoton ya canza, Inna na sheƙar gero, ƙaiƙayi na tashi. Ya canza, Inna na tatsar akuya tana yi mata faɗa. Inna da atamfar Sallar da aka yi shekara biyar. Inna na yi ma Kaka tsifa, Kaka da ta rasu tun kafin a haifi Ma'u. Inna na dariya da maƙwabciya har tana riƙe ciki, dariyar da ban san tana da ita ba. Inna ta idar da salla tana lazimi. Duk daga nesa, daga bayan rumbu, daga zaure, ta taga. Ba ta san ana ɗauka ba ko sau ɗaya.

Na ja gaba. Inna. Na sake ja. Inna. Sau ɗaya inuwarsa ta faɗo a ƙasa, doguwa, hannu a ɗage. Iyakar abin da na gani nasa ke nan.

Sai a lokacin kaina ya kawo. A wurina shi ne Yaya. A wurinsa kuwa, shi da ya tashi gidan Kaka yana jin ƙannenta na kiranta, bai taɓa ce mata Inna ba. Ni ban cika jin ya kira ta ba ma, don ba sa doguwar magana, in da ni yake kuma "tsohuwarki" yake cewa. Wata guda ina bin fayil ɗin nan, na hana baiwar Allah fuskar mijinta, ban tsaya na tambayi kaina wa zai sa ma hoton kansa suna Yaya ba.

Na kai hannu zan rufe. Inna ta ce, "Bar shi."

Muka kalla har ƙarshe. Na ƙarshen na bana ne, da damina, masara ta yi kore a bayan gida. A nan ya matso kusa, bai ɓuya ba. Tana tsince wake a faifai. Sai muryarsa, dab da kunne, kamar yana cikin ɗakin:

"Yaya. Yaya, ki ɗan dubo nan mana. Sau ɗaya dai."

Ta cikin hoton ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta juya mashi ƙeya. "Kai, tafi can da abinka." Ya yi dariya. Hoton ya ƙare.

Ina jin Ma'u na wasa a waje.

Inna ta ce, "Maido shi baya."

Na mayar kaɗan. Ta sauko daga bakin gado, ta ja jiki har gaban kujerar, ta zame mayafin daga kanta, ta kawo fuskarta dab da allon har haskensa na kan goshinta.

"Yaya, ki ɗan dubo nan mana. Sau ɗaya dai."

Ta ce, "Ga ni. Na dubo."

Ta cikin hoton ta juya mashi ƙeya. Inna ta ce in sake maidowa.